Ɗari da Kasuwa a Ƙasar Daura

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake aiko da iska daga inda ya so, ya sanya wa kowane lokaci aikinsa da arzikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci kafin a aiko shi, mutanen garinsu suka san shi da amana tun bai kira su zuwa ga komai ba, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar maƙala ce a kan ƙasar Daura a lokacin ɗari, da mutanenta da baƙinta da kasuwanninta, gwargwadon abin da na gani a zaman da Allah ya nufe ni da yi a can daga ƙarshen kaka zuwa goshin bazara. Ba labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu zan maimaita ba, wannan kowa ya sha ji, kuma baƙo ba ya barin garin sai an kai shi ya leƙa rijiyar. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda mutanen da ba su san juna ba suke miƙa wa juna dukiya a tsakar fili, cikin ƙura, babu takarda babu alƙali, su rabu kowa ya gamsu.

Malamanmu na hisabi sun kasa shekarar rana a kan taurari 28, kowanne kwana 13, sai Jabha da aka ba 14, a tashi da 365. Bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari, bakwai na bazara. Na ɗari suna farawa daga Shaula, su bi ta Na'a'imu da Bulda, su ƙare a kan Sa'adu guda huɗu. Har yau akwai tsofaffi a zauruka waɗanda in ka tambaye su yaushe sanyi zai sassauta ba za su nemi kalanda ba, sunan tauraro za su faɗa maka. Lissafin lokaci ne, babu laifi a cikinsa. Laifin yana ga wanda ya ƙudurta cewa tauraron ne yake kawo sanyi ko ruwa, kuma hadisi ya yi kashedi a kan wannan.

Ita kuwa iskar ɗari, daga arewa maso gabas take ratso Sahara a bushe. Masana yanayi sun bi diddigin ƙurar da take ɗaukowa, suka tarar babban kasonta daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, wanda a zamanin da ƙasan wani makeken tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yau. Ruwa ya ƙafe ya bar farin gari na ɓawon ƙananan halittun ruwa, iska ke ta kwasa. Shi ne hazon da ke rufe ranar Daura har mutum ya iya kallonta ido da ido da hantsi, kuma wani sashensa yakan ƙetare tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon ya zama masa taki. Tsarki ya tabbata ga wanda ke ciyar da wata nahiya da ƙurar wata.

Sanyin ya fi cizo tsakanin kiran assalatu da fitowar rana. A nan ake gane masu himma, don sahun asuba yana raguwa, waɗanda suka zo ma kowa ya naɗe kai da rawani ko hular sanyi, tari yana amsa tari. A ƙofar masallacin unguwar da na sauka kullum mukan tarar da bokitin ruwan ɗumi an rufe shi da faifai. Wata tsohuwa ce a gidan da ke jingine da masallacin take tashi tun cikin dare ta hura kara ta dafa, jikanta ya fito da shi. Ba ta taɓa leƙowa ta ga masu alwalar ba, su ma mafi yawansu ba su san daga wane gida yake fitowa ba. Hadisi ya zo da falalar cika alwala a lokacin da rai ba ya so, amma bai ce a nemi wahala da gangan ba, kuma wanda ya sauƙaƙa wa mutane ibada yana da rabonsa a cikinta.

Tambayoyin da ake kawo wa liman a wannan lokaci ba sa wuce biyu. Ta farko taimama: mutum ya wayi gari da janaba, ruwa ya yi sanyin da ba ya taɓuwa, ko zai iya dukan ƙasa? Asalin mas'alar labarin Amru ɗan Asi ne a yaƙin Zatus Salasil, da ya ji tsoron halaka a wani dare mai tsananin sanyi ya yi taimama ya ja mutane salla, aka kai magana ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce ya sake ba. Littattafan Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu sun rataya hukuncin ga tsoron kamuwa da cuta ko ƙaruwarta. Wanda kuwa yake da itace da tukunya, uzurinsa ya yi rauni. Ta biyu shafa a kan safa. Mashhurin mazhabar Maliku shi ne sai huffin fata, ko safar da aka lulluɓe da fata. Wasu malamai na waje da mazhabar sun sassauta. Na ga samari biyu sun kusa ɓatawa a kan wannan, alhali magabata sun yi saɓaninsu a kai suka ci gaba da bin juna salla.

A gefen gari kuma wutar tsangaya ce ke tashi kafin ta kowa. Ƙolawa sun yi da'ira da allunansu, hayaƙin kara yana shiga idanu, gardi yana zagayawa. Da an sauke amfanin gona malamai da yawa sukan kwashi almajiransu su nufi wani gari, al'ada ce tsohuwa, kuma ta fitar da mahaddatan da ba a ƙirguwa. Amma ba zan ɓoye abin da ya sosa mini rai ba. Akwai yaran da shekarunsu ba su kai na barin uwa ba, riga ɗaya shara-shara, faso ya tsattsage dugadugansu har da jini, suna riƙe da roba a bakin rumfar mai ƙosai. Ciyar da ɗa da tufatar da shi wajibi ne a wuyan uba, kuma babu littafin fiƙihun da ya ce tura shi karatu yana sauke wannan wajibi.

Da rana ta ɗan ɗaga sai gari ya motsa. Masu koko da masu waina sun riga kowa, mai shayi ya kafa teburinsa, dattawa sun jeru a jikin bango na gabas suna shan hantsi. Ka ce, "Baba, ina ɗari?" ya ce, "Lokacinsa ne, ɗana." Kayan da ke ci a lokacin su ne na sanyi: rigunan gwanjo da barguna an zube a ƙasa, man kaɗe da Vaseline saboda kaushi, gawayi da itace waɗanda kuɗinsu ke hawa kullum. Ga rake an jingina shi dami-dami, ga dankali da rogo, ga goriba da magarya da aduwa a faranti gaban 'yan mata.

Wanda ya zaga ƙauyukan Sandamu da Zango da Baure a wannan lokaci zai lura da ƙarancin samari. Damina a nan gajeriya ce, ƙasar jigawa ce, kuma abin da gona ta bayar ba kasafai yake kai gida zuwa wata kakar ba. Saboda haka da an ɗaure dami an kai rumbu sai majiya ƙarfi su ɗauki jaka su tafi cin rani: Kano, Kaduna, Abuja, Legas, Fatakwal. Wani ga-ruwa, wani dako, wani gadi, wani acaɓa, wani yankan farce. Riba biyu ce ga gida, an rage baki ɗaya daga rumbu, kuma ana sa ran ɗan abin da zai turo ta waya. Gida ya koma hannun mata da tsofaffi, su ne sussuka, su ne surfe, su ne ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da saƙar faifai, abin da ke kawo kuɗin cefane ke nan. Masu sa'a su ne waɗanda ke kusa da fadama ko madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam, don su noman rani ya riƙe su a gida, suna fitar da tumatir da albasa da tattasai.

Wasu na fita, wasu na shigowa. Fulani suna sauka a gonakin da aka girbe, shanu su ci kara su bar taki, kuma inda aka yi magana tun da wuri tsakanin mai gona da mai shanu ba a jin kansu. Buzaye suna gangarowa daga arewa da raƙuma. Tun zamanin da, ayarinsu yakan ratsa hamadar Tenere bayan damina zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantun gishiri da dabino, su kawo ƙasar Hausa su koma da gero. Motoci sun ƙwace yawancin wannan aiki, amma kantu bai bar kasuwa ba, makiyayi yana nemansa don dabbobinsa. Itacen gawo kuma, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, shi ke tarbar waɗannan baƙi da inuwa da 'ya'yan da dabba ke so. Ba banza ba sarakunan Damagaram suka tsananta hukunci a kan mai sare shi.

Wannan kai da kawo ba mu kaɗai aka sani da shi ba. A gindin duwatsun Himalaya, a arewacin Indiya, akwai makiyaya Musulmi da ake kira Gujjar waɗanda ke kai baunayensu na gida can bisa tsaunuka lokacin zafi, ƙanƙara na matsowa su sauko dazukan ƙasa su ci sanyi a can, suna sayar da madara a garuruwa. A Kashmir ma tun ƙarni na 19 aka saba gwamnati kan tattara takardunta ta bar Sirinagar ta koma Jammu idan sanyi ya kama. Sai dai misalin da ya fi kusa da zuciyar Musulmi shi ne na Ƙuraishawa, waɗanda Allah ya saukar da sura sukutum a kan tafiyarsu ta ɗari da ta bazara. Malaman tafsiri sun ce ta ɗari zuwa Yaman ce, ta bazara zuwa Sham, kuma malaman tarihi sun ce Hashimu ɗan Abdu Manafi, kakan mahaifin Annabi, shi ya ƙulla yarjejeniya da sarakuna da ƙabilun kan hanya don ayari ya wuce lafiya. A Gaza ya rasu yana kan fataucin. Ni'ima biyu surar ta tunatar da su, ƙoshi bayan yunwa da aminci bayan tsoro. Na daɗe ina karanta ta a salla, amma a kasuwar Mai'aduwa na ga yadda biyun suke tafiya tare. Kasuwa da ƙafa biyu take tsayuwa, in ɗaya ta karye ɗayar ba ta kai ta ko'ina.

Ranar Lahadi kasuwar Mai'aduwa take ci. Tun daren Asabar hanya ke cika, tireloli daga kudu sun yi layi, amalanken shanu da babura da masu kora a ƙasa suna shigowa ta Kwangwalam, daga Matamaye da Magarya da Damagaram da can gaba. Kafin azahar ƙura ta tashi ta haɗu da hazo, ba ka gane fuskar mutum sai ya matso. A kara za ka ga fararen shanu da jajaye masu dogon ƙaho, da azawak na Buzaye, da tumaki uda da balami da 'yanƙasa, da jar akuya wadda fatarta ta yi suna har Turai, da jakuna da raƙuma a can gefe. Kuɗi biyu ke yawo, naira da sefa, 'yan canji suna zaune a kan tabarma da ƙullinsu.

Na tsaya kusa da wani dillali, dattijo mai furfura a gemu, wanda wani Bafulatani ya damƙa wa bijimi. Mai saye, wani mahauci daga Kano, ya zagaya sa, ya danna ƙirji, ya kama gindin wutsiya, ya sa aka buɗe baki ya duba haƙora. Dillalin ya ce, "Taya mana, Alhaji." Ya taya. "Albarka." Ya ƙara. "Albarka dai, Alhaji, ai ba ka zo ba tukuna." Sai ya ja mai san gefe suka yi ƙus-ƙus, ya dawo ya kama hannun mahaucin bai saki ba. Kafin ya sallama ya ce, "Amma ka sani, Alhaji, idonsa na hagu ba ya gani sosai. In na yanka ne ba ruwanka, in na huɗa ne kada ka ce ban gaya maka ba." Mahaucin ya ce na yanka ne. "To, an sallama. Allah ya sa albarka." Aka ƙirga kuɗi, aka fitar da la'ada, shi ke nan. Mahaucin bai san sunan mai san ba, bai san rugarsu ba. Abin da ya saya da la'adarsa shi ne fuskar dillalin, wanda zai same shi a gindin wannan turken Lahadi mai zuwa idan wani ya fito ya ce san na sata ne.

Ina da yaƙinin dattijon nan bai sauke babin ciniki na Risalar Ibnu Abi Zaidin ba, amma abin da ya yi shi ne abin da babin ya ce: bayyana aibi wajibi ne, wanda aka ɓoye masa kuma yana da zaɓin mayarwa. An ruwaito cewa Sayyadina Umaru ba ya yarda wanda bai san hukuncin ciniki ba ya zauna a kasuwar Madina. Da za a ɗora wannan ma'auni a yau da rumfuna da yawa sun zama kango, amma wani ilmin yana shiga jinin mutane ta hanyar gado da kunya ko da ba su san sunansa a littafi ba.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma ba zan yi wa kasuwar ado da abin da ba ta da shi ba. Akwai mai ɗura wa dabba ruwan kanwa ta sha ruwa cikinta ya ɗaga. Akwai wanda yake sa abokinsa ya zo ya taya da tsada ba da niyyar saye ba, don baƙo ya ji ya ƙara. Wannan shi ne najashi, kuma an hana shi da nassi. Akwai masu tare hanya tun kafin a iso, su saye daga hannun ɗan ƙauye bai san yadda kasuwa ta kwana ba, wannan ma an hana. Akwai dillalin da zai sayar a kan kaza ya gaya wa mai dabba ƙasa da haka, ya haɗa rarar da la'ada ya zuba aljihu. Rantsuwa kuwa ta zama ruwan sha, har ka ji mutum ya rantse da Allah sau uku a kan akuyar da ya san ƙarya yake yi. Waɗannan ba a kan wanda suka cuta kaɗai suke ɓarna ba. Duk baƙon da aka cuta ya koma gida da labari, kuma labarin ya fi akuyar tsada.

A layin hatsi na fi daɗewa, don a nan ne rayuwar talaka take. Gero da dawa da wake da riɗi da gyaɗa an tsiba su a kan buhunan da aka shimfiɗa, 'yan awo sun durƙusa da kwanukansu. Mace ta zo da ɗan ƙullin gero a ka, tiya biyu ko uku, ta sayar ta sayi gishiri da manja da sabulu. Idonta yana kan hannun mai awo: zai yi tozo ya ƙara da tafin hannu lokacin da yake saye, sa'an nan ya shafe baki lokacin da yake sayarwa? Wasu kwano biyu gare su, na saye da na sayarwa, wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Wannan cuta ta tsufa. Saboda ita aka halaka mutanen Madyana bayan Annabi Shu'aibu ya yi musu wa'azi sun ƙi, kuma sura guda a juzu'in ƙarshe da ita ta buɗe. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, da Askiya Muhammadu na Songai ya yi masa tambayoyi, har da ta masu tauye mudu da masu algus a ciki, sai ya ɗora wa sarki nauyin hana su. Algus ɗin zamani ya fi na da haɗari. Na da yashi ne a cikin riɗi ko ruwa a cikin nono. Na yau maganin ƙwari ne irin fiya-fiya ake zazzagawa a buhun wake don kada ya huje, mutum ya saya ya kai wa iyalinsa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Nijeriya saboda yawan wannan guba a cikinsa. Su sun ƙi saye, mu muka ci gaba da ci.

Abin da ya fi ci wa manomi tuwo a ƙwarya shi ne lokaci. Da kaka da farkon ɗari hatsi yana araha, kuma a lokacin ne buƙatu suke taso masa gaba ɗaya: bashin taki, auren 'ya, suna, kuɗin motar ɗan da zai tafi cin rani. Sai ya fitar ya sayar. Masu jari su saye su ƙulle a sito. Idan bazara ta tsaya, rumbu ya yi ƙasa, shi ɗin dai zai dawo ya sayi geronsa da tsada, ko ya ci bashinsa a kan zai biya da ƙari in kaka ta yi, wanda riba ce tsagwaronta. A nan sai a yi adalci a magana, don ba kowane mai ajiya ne mai laifi ba. Malikiyya sun ce saye a ajiye lokacin yalwa, in bai cutar da kasuwa ba, halal ne, kuma manomi yana da ikon riƙe abin da ya noma. Annabi Yusufu ma ajiya ya yi umarni da ita, a bar hatsi a zangarniyarsa, kuma hikimar da ke cikin rumbun Bahaushe ke nan da yake zuba dami ba tare da an sussuke ba. Wanda aka yi wa narko shi ne mai kwashe abinci lokacin ƙunci ya ɓoye yana jiran mutane su galabaita. Shi kam hukuma tana da ikon tilasta masa ya fitar.

Maganin da shari'a ta fara bayarwa shi ne zakka, kuma lokacinta ke nan. Nisabi wusuƙi 5 ne, wato sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200. Abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma, abin da aka sha wahalar ban-ruwa da jigo ko inji ɗaya cikin ashirin. A mazhabar Maliku gero jinsi ne daban, dawa daban, shinkafa daban, ba a haɗa su don cika nisabi, amma dangin wake ana haɗa su. Tumatir da albasa kuwa babu zakka a jikinsu. Manoman da na zanta da su sun san dami ɗaya cikin goma sarai. Inda ake samun tangarɗa shi ne wurin bayarwa, sai ka ga an kai wa mai hali don neman fada, gwauruwar da ke bayan gida da marayunta an tsallake ta.

Ƙafa ta biyu, wato aminci, mutanen ƙasar nan sun san darajarta don sun ɗanɗani rashinta. Bayan Malam Isiyaku ya ci Daura da tutar jihadi a wajejen 1805, sarkinta na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, ƙasa ɗaya ta rabu uku, Damagaram kuma tana danno ta daga arewa. Sai a farkon ƙarni na 20 Turawa suka maido Malam Musa daga Zango, wanda gidansa ke riƙe da sarauta har zuwa Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar da ya hau a 2007. Amma su Turawan ne kuma, da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906, suka ja layin da ya bar wa a Nijeriya ƙane a Nijar, gona a nan rijiya a can.

Zamaninmu ma ya ga nasa. A Agustan 2019 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin Daura, ta rufe iyakokin ƙasa, daga baya kuma ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a fara buɗe wasu ba sai Disamban 2020. A 2021, da ta'adin 'yan bindiga ya tsananta a yammacin jihar da Daura take ciki, Gwamna Aminu Bello Masari ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Mai'aduwa da Baure, don toshe hanyar sayar da shanun sata. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka har Maris na 2024. Ba ina nan don in yanke hukunci a kan dalilan masu mulki ba, kowanne yana da abin da ya hango. Abin da na ji daga bakin 'yan dako da masu abinci da masu amalanke shi ne, duk ranar da kasuwa ba ta ci ba akwai gidajen da ba a ɗora tukunya, kuma ba gidajen masu tireloli ba ne.

Wanda suka fi tunawa shi ne ɗarin 2023, lokacin canjin kuɗi. Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa ba su wadata ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris. Ga hatsi, ga dabba, ga mai saye, amma babu abin miƙawa. Wasu suka koma sefa, wasu suka koma musayar kaya da kaya. Wasu kuma suka mai da naira kanta haja, ka tura musu kaza ta waya su ba ka ƙasa da haka a hannu da rata mai yawa. Malamai suka yi ta bayani a kan mumbari cewa kuɗi jinsi ɗaya ba a musayarsa sai daidai wa daida kuma hannu da hannu, in jinsi ya bambanta kamar naira da sefa an yarda da fifiko amma ba a yarda da jinkiri ba, kuma ladan aikin mai POS daban yake da cin ƙuncin mutane.

Tun daga lokacin tura kuɗi ta waya ya zauna a kasuwa, ya zo da tambayoyinsa. Shin kuɗin da ya shiga asusu an karɓe shi ke nan a shari'a? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ce shigar kuɗi asusun banki yana matsayin karɓa. Amma a kara matsalar ba ta shigar ba ce, ta jiran shigar ce. Kuɗi ya fita daga wayar mai saye, bai isa asusun mai POS ɗin da mai dabba ya wakilta ba, sabis ya ɗauke, rana ta yi gora, direban tirela yana ta danna oda. Ga kuma masu nuna saƙon bogi.

Na ga irin wannan a wata Lahadi cikin kwanakin Sa'adu, sanyi ya fara ja da baya. Mai raguna wani dattijo ne daga wajen Babban Mutum, ya riƙe igiya ya ce ba zai saki ba sai ya ga kuɗi a tafinsa, mai saye kuma yana nuna masa waya yana cewa, "Baba, wallahi ya fita." Dillalin da ya haɗa su ya ce, "Baba, sakar masa. In bai shigo ba zuwa gobe, ni ne mai biya, ga Malam shaida, ga Alhaji shaida." Wannan lamuni ne, kuma ya inganta da wannan lafazin, da sharaɗin da fuƙaha'u suka gindaya cewa ba a karɓar lada a kan lamuni, la'adarsa ta dillanci ita ce iyakar haƙƙinsa. Dattijon ya dubi shaidun biyu, ya tambayi dillalin sunan mahaifinsa da unguwarsu, sa'an nan ya miƙa igiyar. Aka loda ragunan aka nufi Kano da su, shi kuma ya karɓi kuɗin mota a hannun dillalin a kan za a cire in an zo lissafi.